Tambaya da amsa: hoton ƙananan abubuwa daf da daf, da batirin kyamara mai saurin ƙarewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan kyamara suka zo, kuma na lura masu son ɗaukar ƙananan abubuwa su ne dai masu kukan batir, don haka na haɗa su wuri ɗaya tunda aikin farkon shi ke jawo matsalar ta biyu. Na ɗan taƙaita tambayoyin.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na sayi Canon 2000D da lens ɗin da ta zo da shi 18-55, inaso in riƙa ɗaukar furanni da ƙwari irin wanda har gashin jikin kudan zuma ake gani, amma da na matsa kusa sai lens ɗin yayi ta gaba da baya yana ƙara kuma ta ƙi ɗauka gaba ɗaya. Ko ta lalace ne? Wani abokina yace dole sai na sayi lens na makro.

Amsa: Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. Kowane lens yana da iyakar kusancin da zai iya kama abu, naka santimita 25 ne, in ka duba jikinsa zaka ga an rubuta 0.25m. Kuma ba daga bakin lens ake aunawa ba, duba saman kyamarar akwai wata 'yar alama kamar da'ira da layi ya ratsa ta, nan ne daidai inda sensa, wato farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto, take a ciki kuma daga nan ake fara ƙirga. In ka wuce wannan iyakar ko kwana zakayi bazai kama ba.

Kafin ka sayi komai yi wannan tukuna. Ja zum ɗin zuwa 55, ka mayar da makunnin jikin lens daga AF (kyamara na yin fokas da kanta) zuwa MF (kai kake yi da hannu), ka murɗa zoben fokas zuwa ƙarshen kusa, sannan ka bar shi haka, kai ne zaka riƙa matsawa gaba da baya da jikinka har abin ya fito tar. A haka abu mai faɗin kamar santimita 6 da rabi zai cika hoton, fure guda ko malam-buɗe-littafi zai fito da kyau sosai, mutane da yawa basu taɓa kai lens ɗinsu wannan iyakar ba suke tafiya sayen wani.

Toh in wannan bai ishe ka ba akwai hanya biyu masu sauƙi kafin a kai ga lens ɗin makro da abokinka yake faɗa, wato wanda aka ƙera musamman don ɗaukar ƙananan abubuwa daf da daf. Ta farko gilashin kusa, wanda ake murɗawa a bakin lens kamar filta, aikinsa kamar tabarau ɗin karatu ne ga kyamara. A kwalinsa zaka ga an rubuta Close-up da lambobi +1, +2, +4, +10. Lissafin lambar mai sauƙi ne, ka raba santimita 100 da lambar, abin da ya fito shi ne mafi nisan da kyamara zata iya gani in ka ɗaura shi. +2 santimita 50 kenan, +4 santimita 25, +10 santimita 10 kacal. Sai ka san faɗin bakin lens ɗinka kafin ka saya, naka 58mm ne, yana rubuce a gaban lens ɗin da kuma cikin murfinsa. Masu Nikon su duba nasu da kyau don tsohon 18-55 ɗinsu 52mm ne, sabon mai AF-P kuma 55mm, na sha ganin an sayo wanda bai shiga ba.

Gaskiyar magana waɗannan masu zuwa huɗu a jaka ɗaya gilashi ɗaya-ɗaya ne a cikinsu, +1 da +2 ba laifi, +4 ana iya haƙuri da shi in an tsuke ƙofar haske, wato ramin cikin lens da haske ke bi ya shiga, amma +10 ɗin ni bana ba kowa shawararsa, tsakiyar hoton ne kaɗai ke fita, gefe duk hazo-hazo da wani launin shuɗi da ja a bakin abubuwa. Masu kyau su ne masu gilashi fiye da ɗaya a manne, irin Raynox DCR-150 da DCR-250, na farkon ƙarfinsa +4.8 na biyun +8, kuma suna zuwa da maƙali mai kama bakin lens daga 52 zuwa 67mm ba sai an murɗa ba. Sai dai gilashin kusa a dogon lens yake nuna kansa. +4 a kan lens mai 200mm zai baka kusan kashi 8 cikin 10 na ainihin girman abu a kan sensa kana tsaye santimita 25 daga gare shi, ƙwaron ma bazai gudu ba, amma a kan 55mm ƙarin da zaka samu ba wani mai yawa bane.

Hanya ta biyu ita na fi so maka. Bututun ƙari ne, a kwali Extension Tube ake rubutawa, ana saka shi tsakanin kyamara da lens, babu gilashi ko ɗaya a cikinsa iska ce kawai, don haka baya ɓata ingancin lens ɗinka kamar yadda gilashi mai arha ke yi. Yawanci uku suke zuwa, 12, 20 da 36mm, na kyamarori marasa madubi a ciki (mirrorless) kuma 10 da 16mm. Shima lissafinsa raba tsawon bututun da tsawon lens, 36 a kan 55 ya ba da kusan 0.65, ka haɗa da abin da lens ɗin ke bayarwa da kansa wajen 0.35, kaga ka kusa kai ɗaya bisa ɗaya, girman abu a kan sensa ya yi daidai da girmansa a zahiri, wato abin da ake kira makro na ainihi, inda abu mai faɗin santimita 2 da ɗan wani abu zai cika hoton ka gaba ɗaya. Amma don Allah ka sayi mai 'yan ƙarafan nan masu ruwan gwal a ciki, su ke haɗa magana tsakanin lens da kyamara. Wanda babu su ya fi arha amma lens ɗinka ba shi da zoben ƙofar haske a jikinsa, sai ya tsaya a buɗe wangale ka kasa tsuke shi, kuma tsukewar nan ita ce rabin aikin. Fara da na 12 ɗin, in hannunka ya saba ka ƙara. Kada ka gwada dogon bututu a 18mm, wurin fokas ɗin zai faɗa cikin gilashin lens ɗin kansa, ba abin da zaka gani. Kuma muddin bututu na jiki kyamarar bata ganin nesa, sai ka cire.

Lens na makro irin Tamron 90mm ko Sigma 105mm ko Canon 100mm abu ne mai kyau ƙwarai, ba musu, amma ka bari sai kayi wata biyu uku da bututu ka tabbatar aikin ya shiga ranka.

Tambaya: Malam ni ƙaramar kyamara ce da ni wadda ba a cire mata lens, ina ɗaukar zobba da 'yan kunne. In na kunna filasha ƙasan hoton yayi baƙi sama yayi fari fat, in na kashe kuma yayi dishi-dishi. Kuma batir AA biyu take ci, sabo dal nake sakawa amma ko hoto 30 ba na yi take cewa ya ƙare.

Amsa: Malama tambaya biyu ce wannan, bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Nemi maɓallin da aka zana fure a kansa ki danna, shi ke buɗe mata ganin kusa. Sannan kada ki ja zum, mayar da shi baya gaba ɗaya ki matso da kyamarar, don irin waɗannan ƙananan a wajen faɗi suka fi ganin kusa, wasu har santimita 5 wasu ma 1, da kin ja zum iyakar sai ta koma nesa.

Baƙin da kike gani a ƙasa inuwar lens ɗin ce, filashar tana sama lens yana gabanta ya tare hasken. Kashe ta kawai. Ki kai kayan kusa da taga inda haske ke shigowa amma rana bata dukansu kai tsaye, ki jingina farar takarda a ɗaya gefen ta dawo da haske cikin inuwa, zaki ga bambancin da idonki tun kafin ki ɗauka. Ƙarfe mai sheƙi madubi ne, duk abin da ke gabansa yake nunawa har da rigarki, shi yasa farar takardar ke gyara shi. Dishi-dishin kuma rawar hannu ce, ɗora kyamarar a kan 'yar ƙafa uku ko ko littattafai ma sun isa, ki saka taima na daƙiƙa 2 ki danna ki cire hannunki.

Batir kuma, ina kyautata zaton irin masu rubutun Heavy Duty ko Super Heavy Duty kike saya. Sunan ne babba, su na zinki da gawayi ne, na agogon bango da rimot. Kyamara tana jan wuta da ƙarfi lokaci guda musamman in tana cika filasha, su kuma basa iya bayarwa da sauri sai ƙarfinsu ya faɗi ta ɗauka sun mutu, alhali in kika saka su a rimot zasu yi watanni. Na alkalin sun fi su amma suma haka suke gajiya a kyamara. Abin da ya dace da ke shi ne masu caji na NiMH. Zaki ga an rubuta 1.2V maimakon 1.5V, kada ya dame ki, suna riƙe wannan ƙarfin har kusan ƙarshe ko ana jansu da ƙarfi, shi yasa suke ninka alkalin a kyamara. Nemi waɗanda basa zubar da caji in an ajiye, Eneloop shi ne sananne, kamfanin Sanyo ya fito da shi a 2005 yanzu yana hannun Panasonic, fararen suna da wajen 1900 zuwa 2000mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka. Sayi huɗu, biyu a ciki biyu a jaka, kuma ki riƙa tafiyar da su biyu-biyu kada ki gauraya tsoho da sabo. Caja ma ki nemi mai lura da kowane batir shi kaɗai tana tsayawa in ya cika. Ki leƙa menu ɗin kyamarar, wasu suna da wurin zaɓar irin batirin da aka saka, in baki canza shi zuwa NiMH ba alamar batir ɗin zata riƙa yi miki ƙarya.

Wani abu mai muhimmanci, akwai batirin litiyam mai lamba 14500, girmansa ɗaya da AA sak amma 3.7V ne. Kada ki kuskura ki saka shi, zai iya ƙona kyamarar nan take.

Tambaya: Na sayi bututun amma hotunan duk duhu, kuma in idon ƙuda ya fito sauran jikinsa baya fita. Bututun ne ba mai kyau ba?

Amsa: Bututunka lafiya lau ɗan'uwa, haka aikin yake ga kowa har mai lens mafi tsada. Duk yadda ka matsa kusa, zurfin wurin da ke fitowa tar yana raguwa, a ɗaya bisa ɗaya da ƙofar haske a f/8 (lambar f ɗin in tana ƙaruwa ƙofar tana tsukewa) ko milimita ɗaya bai cika ba. Kuma haske ma yana raguwa, a wannan girman kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na hasken ke isa sensa. Wato kana buƙatar tsuke ƙofa don samun zurfi, tsukewar kuma tana ƙara duhu, nan ne kowa ke cijewa.

Mafitar ita ce haske, kuma a nan nake so ka kashe ƙoƙarinka fiye da sayen wani gilashi. Saka kyamarar a M, wato inda kai kake saita komai da hannu, ƙofa f/8 zuwa f/11, shota (tsawon lokacin da haske ke shiga) 1/200 na daƙiƙa ko abin da kyamararka ta yarda da shi tare da filasha, ISO (ƙarfin jin hasken sensa) 200 ko 400, ka ɗaga 'yar filashar saman kyamarar. Ita kaɗai haskenta mai kaifi ne kuma lens zai tare ta, sai ka samu farar takarda mai ɗan kauri ko farin soso na cikin kwalin kaya, ka huda rami ka zura bakin lens ta yadda zata tsaya tsaye a gaban filashar, hasken ya bugi takardar ya bazu ya sauko kan ƙwaron a tausashe. Wallahi wannan 'yar dabarar ta fi fitilun zobe na LED masu arha da ake ɗaurawa a bakin lens, su haskensu ba shi da ƙarfin da zai tsayar da motsi, amfaninsu dai su taimaka maka ganin inda kake fokas. Filasha kuwa walƙiyarta gajeriya ce ƙwarai, ita ke daskarar da rawar hannunka. Kada ka wuce f/16 da sunan neman zurfi, daga nan hoton gaba ɗaya yake fara laushi.

Sai tsayuwa. Ka zo wa ƙwaron ta gefe yadda tsawon jikinsa zai yi daidai da fuskar kyamara, in ka zo ta gaba kai kaɗai zaka samu. Ido shi ne farko, in ido ya fito mai kallo yana yafe sauran. Fokas a MF, ka manne gwiwar hannu a jiki, ka riƙa lilo a hankali gaba da baya kana dannawa daidai lokacin da idon ya fito, ka ɗauki goma ashirin ka zaɓi ɗaya, ba abin kunya bane kowa haka yake yi. Da sassafe ƙwari basu gama warwarewa ba kuma iska bata tashi ba, lokacin ya fi. Hotunan da kake gani ƙwaro ya fito tar daga kai har wutsiya yawanci hotuna da yawa ne aka ɗauka kowanne da fokas ɗinsa aka haɗa a kwamfuta, wannan sai abin da baya motsi kuma sai da ƙafa uku, ka bar shi zuwa gaba.

Tambaya: Malam tunda na fara hoton kusa batirina baya kai yini, da kuwa yana kwana biyu uku. Na ga wani batir ba na kamfanin ba an rubuta 2200mAh, nawa na asali 860 ne. In saya?

Amsa: Batirinka bai tsufa ba, aikin ne ya canza. 860mAh batirin Canon mai lamba LP-E10 kenan, Canon sun ce yana ba da hoto wajen 500 in kana leƙawa ta 'yar tagar ido, amma in kana kallo ta sikirin, wato Live View, kusan rabi yake komawa. Mai hoton kusa kuma a sikirin yake zaune, yana zuƙo hoton ya ga fokas, yana jiran iska ta tsaya minti biyar sikirin na kunne, ga filasha a kowane hoto, ga mai hana rawa na cikin lens yana aiki, ga duba hoto bayan kowane ɗauka. Masu kyamara mara madubi nasu ya fi haka, don su sensa da sikirin kullum a kunne suke, Sony a6000 da batirinta NP-FW50 hoto 300 da wani abu ne a ƙa'ida, alhali Nikon D3500 tana kai 1550. Don haka rage hasken sikirin, ka kashe Wi-Fi, ka sa ta riƙa yin barci bayan minti ɗaya, in tana kan ƙafa uku ka kashe mai hana rawa. Amma duk da haka batir na biyu dole ne, ni a wurina yana gaba da gilashin kusa a jerin abin da mai farawa zai saya.

Wancan 2200 ɗin kuwa kada ka yarda da shi. Kwanson batirin girmansa ɗaya ne, ƙwayoyi biyu ne a ciki, babu yadda za a yi a cusa fiye da ninki biyu a wuri guda. In na ga lamba ta yi wannan tsallen nan take nake ajiye shi, don wanda ya yi ƙarya a rubutun waje ban amince da abin da ya saka a ciki ba, musamman 'yar na'urar da ke kare batir daga wuce caji da zafi. Ba wai duk batirin da ba na kamfani ba ne mara kyau, akwai masu sunansu a jiki da lamba mai kama da hankali, kusa da ta asali, suna aiki sai dai sukan riga na asali gajiya. Wanda na fi tsoro shi ne jabu mai ɗauke da tambarin Canon ko Nikon alhali ba nasu bane. Duba lambar batirin ta yi daidai harafi da harafi, LP-E10 daban LP-E17 daban. Masu LP-E17 ma su sani da yawa daga na waje basa nuna saura nawa a sikirin, sai dai kyamara ta ɗauke kawai, wasu kuma cajar asali bata karɓarsu sai tasu.

Kada kuma ka kwatanta mAh ɗin kyamara da na waya kai tsaye, na kyamararka 7.4V ne na waya wajen 3.8V, sai an ninka da bolt ɗin ake sanin ainihin ƙarfin, wanda ake aunawa da Wh, naka ya kama 6.4Wh.

Tambaya: Zan iya cajin batirin kyamara da fawa banki?

Amsa: Eh. Sababbin kyamarori da yawa suna caji ta USB kai tsaye, duba littafin taka. In bata yi, akwai ƙananan caja na USB masu ɗaukar batir biyu, ka haɗa da fawa banki a jaka ɗaya na caji kana aiki da ɗaya, sun fi cajar bango jinkiri amma suna yi. Mai aikin tebur na awanni kuma ya nemi batirin bogi mai waya, kwanson batir ne da igiya ta fito daga jikinsa zuwa wuta, na LP-E10 sunansa DR-E10, na Nikon masu EN-EL14 kuma EP-5A.

Tambaya: Na ajiye kyamarata wata biyar, da na ɗauko batirin ya ƙi fita sai da na ciro shi da ƙyar, kuma ya ɗan yi ciki. Yana aiki dai. In ci gaba da shi?

Amsa: A'a 'yar'uwa, ki daina yau ɗin nan, kada ki ƙara saka shi a kyamara ko a caja. Kumburin iskar gas ce ta taru a ciki saboda ƙwayoyin sun lalace, kuma baya komawa. In kina shakka ɗora shi a kan tebur mai santsi ki juya shi, lafiyayye zai tsaya, mai ciki zai yi ta juyi. Kada ki huda shi kada ki danne shi, ki rufe ƙarafan bakinsa da salatif, ki ajiye shi nesa da zafi da abin da ke kama wuta har ki kai shi inda ake karɓar matattun batura, ba a jefa shi cikin shara ko wuta.

Sabon da zaki saya, in zaki daɗe baki yi aiki ba ki cire shi daga kyamara don ko a kashe take tana ɗan shan wuta, ki bar shi da caji wajen rabi, kada ya cika fam kada kuma ya zama fanko, a wuri mai sanyi mara laima, mota da aka rufe a rana ita ce ta fi kashe su. Duk bayan wata uku ko huɗu ki duba shi ki ɗan ƙara masa. 'Yar murfin roba da ke zuwa da shi ki riƙa mayar masa, don in bakinsa ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi a jaka zai iya yin zafi sosai. In zaki hau jirgin sama kuma baturan da ba a cikin kyamara suke ba a jakar hannu ake riƙe su, ba a saka su cikin kayan da ake aunawa. Kafin ki saka sabon ki haska cikin ramin batirin ki duba ko ƙarafan ciki sun lanƙwashe lokacin da kika ciro wancan da ƙarfi, in sun lanƙwashe ki kai wa mai gyara ya daidaita su tukuna.